Ƙasar Obuasi da na'urar da babu ita a Afirka: amsa ga wata ɗaliba

Wata ƙanwata daga Aboabo, wadda ke digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai a nan Kumasi, ta aiko mini da tambaya bayan mun haɗu a wajen wani suna. Ga abin da ta ce a taƙaice: "Yaya, ina aiki a kan ƙasar gonakin da ke kusa da ramukan galamsey, wato haƙar zinariya ta bayan fage, ta wajen Obuasi. Na auna, na ga akwai asenik, sinadarin nan mai guba, amma malamina ya ce sai an san wane iri ne, kuma na'urar da ke nuna haka babu ita a Ghana, babu ita ma a Afirka gaba ɗaya. To mu da ba mu da kowa a Turai, ba mu da kuɗin hayar na'ura, ina za mu sa kanmu? Ko in sauya batun binciken?" Na ga ya fi kyau in amsa mata a fili, domin na san ba ita kaɗai wannan damuwa ta hana barci ba.

Ƙanwata, kada ki sauya komai tukuna. Malaminki gaskiya ya faɗa miki, amma maganar ba ta ƙare a nan ba.

Na'urar da yake nufi ita ce sinkrotoron. Wani ƙaton zobe ne na bututun ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa, aka jera masa manyan maganaɗisu. Ana kora ƙwayoyin lantarki, wato ilektiron, su yi ta zagaye a ciki da gudun da ya kusa kai na haske. Duk inda maganaɗisu ya karkata su, sai su fesar da hasken eksire mai tsananin ƙarfi, wanda na asibiti ko kusa da ƙafarsa bai kai ba. Ana jan hasken ta wasu layuka zuwa ɗakunan gwaji da ke kewaye da zoben, kowane layi da aikin da ya ƙware a kai. Na birnin Grenoble a Faransa, wanda ake kira ESRF, kewayen zobensa mita 844 ne, kuma tun 1994 yake karɓar masu bincike. Akwai irin waɗannan cibiyoyi kusan 50 a duniya. Ko ɗaya babu a nahiyarmu.

Kalmar "haya" ce nake so ki cire daga ranki. Ba a sayar wa mai binciken jami'a lokaci a waɗannan wurare. Gwamnatocin da suka gina su ne ke biyan wuta da albashi da gyara. Ke abin da za ki kawo shi ne tambaya mai kyau, da alkawarin cewa sakamakon da kika samu za ki buga shi kowa ya karanta. Kamfanin da yake so ya ɓoye abin da ya gano, shi ne ake caja kuɗi. Haka tsarin yake a Grenoble, haka yake a Diamond ta Ingila, haka yake a cibiyoyin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka irin su Argonne da Brookhaven. Kuma ba sadaka suke yi mana ba. Darajar cibiya a idon gwamnatocin da ke ciyar da ita tana rataye ne a kan ingancin binciken da ya fito daga cikinta, saboda haka su ma neman tambaya mai kyau suke yi, ko daga ina ta fito. Ƙasar gonakin Obuasi ba ta cikin aljihun kowa a Turai. Ke ce kike da ita.

Inda bambanci yake fitowa shi ne kuɗin tafiya. ESRF tana biya wa masu bincike daga ƙasashen da ke zuba kuɗi a cikinta tikiti da masauki. Afirka ta Kudu ta shiga sahun nan a 2013, Ghana ba ta ciki. To ke lokacin na'ura kyauta ne, amma jirgi da ɗaki da abinci suna wuyanki, sai kin nemo mai ɗauka.

Masu ɗaukar suna nan, mutanenmu ne dai ba su cika ƙwanƙwasa ƙofar ba. A birnin Trieste na Italiya akwai cibiyar ICTP da Farfesa Abdus Salam ya kafa a 1964 musamman domin masana daga ƙasashe irin namu. A gefen garin kuma akwai sinkrotoron mai suna Elettra, kuma su biyun suna da shirin haɗin gwiwa da ke ɗaukar nauyin tafiyar masu bincike daga ƙasashe masu tasowa idan takardarsu ta ci. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, tana da nata kason lokaci a wani layi na Elettra, wanda take ware wa ƙasashe mambobinta, Ghana kuwa mamba ce. Idan Allah ya kai ki digiri na uku, ICTP da IAEA suna da shirin STEP: rajistarki na nan gida, amma kowace shekara ki je Trieste ki yi wasu watanni. Akwai kuma LAAAMP, wanda ƙungiyoyin duniya na masana fiziks da masana tsarin ƙwayoyin kiristal suka kafa. Shi malami ɗaya da ɗalibinsa ɗaya yake turawa su zauna wata 2 a wata cibiya su koyi aikin da hannunsu. A ganina wannan ya fi dacewa da ke, domin ku biyu za ku tafi da malaminki, ku dawo da ilmin gida tare.

Kada ki manta da Jodan. A watan Mayun 2017 Sarki Abdullahi na biyu ya buɗe SESAME a garin Allan, ba nisa da Amman. Ƙarama ce a kan ta Grenoble, zobenta mita 133, amma layin farko da ya soma aiki a cikinta shi ne daidai irin wanda aikinki ke bukata. Mambobinta sun haɗa da Masar, Turkiyya, Pakistan, Iran, Isra'ila, Falasɗinu, Saifurus da Jodan ɗin kanta, ƙasashen da wasunsu ko gaisuwa ba ta haɗa su, amma suna zuba kuɗi a na'ura ɗaya. Tun 2019 da hasken rana take aiki. Kafin ki sa rai da kowace cibiya dai, ki duba shafinta, domin sukan rufe don sabunta na'ura, kuma rufewar ba ta kwana biyu ba ce. Grenoble ta rufe daga Disambar 2018 har Agustan 2020.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi duk waɗannan sunaye muhimmanci, wato takardar neman lokaci. Galibi sau biyu a shekara ake karɓa, a Grenoble cikin Maris da Satumba. Ba ta cika wuce shafi biyu ko uku ba. Kwamitin masana ne ke karantawa su ba da maki, kuma a layukan da ake rububi, masu nema sukan ninka lokacin da ake da shi. Tambayar farko da alƙalan nan za su yi ita ce: me ya sa sai sinkrotoron? Idan abin da kike nema ana iya samunsa da na'urar ɗakin gwaji na yau da kullum, ba za su ba ki ko awa ɗaya ba, kuma sun yi daidai.

Ga yadda amsarki take. Zinariyar Obuasi da yawanta tana maƙale ne a cikin wani dutse mai suna asenopairait, haɗin ƙarfe da farar wuta da asenik. Muddin dutsen yana binne a kulle, asenik bai cika motsi ba. Da an fasa shi an niƙa, ruwa da iska suka taɓa shi, sai ya fito. Yakan ɗauki kama iri biyu, ana kiransu mai lamba 5 da mai lamba 3. Idan ya zama mai lamba 5, yakan manne wa tsatsar ƙarfen da ke cikin jar ƙasarmu ya zauna. Idan kuwa ƙasa ta daɗe a jiƙe har iskar cikinta ta ƙare, kamar fadamar shinkafa ko tsohon ramin galamsey da ya cika da ruwa, sai ya koma mai lamba 3, wanda ya fi guba, ya kuma fi saurin bin ruwa zuwa rijiya da saiwar shuka. Gonaki biyu na iya ba ki adadi ɗaya cif a takarda, alhali a ɗaya asenik na kwance a ɗaure, a ɗayar yana tsiyaya zuwa inda yara ke ɗiban ruwan sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a kowace litar ruwan sha, kin ga ba abu ne da ke bukatar yawa ba. Idan ruwa ne kike aunawa, akwai hanyar raba nau'o'in biyu a ɗakin gwaji. Amma a cikin ƙasa, da zarar kin zuba mata sinadari don ki tsamo asenik, kina iya sauya masa kama, ki auna abin da hannunki ya haifar. Dabarar da ake kira XANES tana duba shi yana zaune a inda yake. Ana ɗaga ƙarfin hasken a hankali ta wajen ilektiron-bolt 11,867 (ma'aunin ƙarfin hasken ke nan), inda asenik ke soma haɗiye shi, sai layi ya yi tsalle a allon kwamfuta. Tsinin mai lamba 5 yana gaba da na mai lamba 3 da kusan ilektiron-bolt 4 kacal. Wannan 'yar tazarar ita ce dalilin tafiyarki, kuma ita za ki rubuta a sakin layi na farko.

Tambaya ta biyu: me kika riga kika yi a gida? A nan ne yawancin takardunmu ke faɗuwa. Mutum ya rubuta cewa haƙar zinariya na gurɓata muhalli a Afirka, ya cika shafi da kuka, bai kawo adadi ko ɗaya na samfurinsa ba. Alƙalan sun san da gurɓatar. Abin da suke so su gani shi ne, a cikin ƙasar da kika ɗebo daga wuri kaza a zurfi kaza, asenik nawa ne, domin da shi za su san ko na'urarsu za ta gan shi, da tsawon lokacin da zai ɗauka. Wannan kuwa aikin gida ne. Ki fara da babban ɗakin gwajin jami'arku. Sannan ki hau mota zuwa Accra, ki wuce Kwabenya, wurin Hukumar Makamashin Nukiliya ta Ghana. Suna da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike, GHARR-1, mai ƙarfin kilowat 30, ƙirar Sin, tana aiki tun 1994, kuma a 2017 aka sauya mata makamashi zuwa yuraniyom marar ƙarfin yin makami. Irinta ce ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya tun 2004. Ana sa ɗan samfuri a ciki, niyutiron ya buge shi, kowane sinadari ya fitar da nasa haske, asenik kuwa yana cikin waɗanda wannan hanya ke kamawa da kyau. Akwai kuɗin aiki da za ki biya, amma da sidi ne, ba da yuro ba. Idan hanyoyi biyu daban suka ba ki adadi mai kama da juna, takardarki ta riga ta sha gaban rabin na abokan takararki.

Sai lissafin lokaci. Ana raba yini uku, kowane kaso awa 8, shif suke ce masa, kuma na'urar ba ta barci. Misali, kina da samfuri 24, ga kuma guda 4 na ma'auni, wato asenik mai lamba 3 tsantsa, mai lamba 5 tsantsa, dutsen asenopairait, da wanda ya manne wa tsatsar ƙarfe. Idan kowanne zai ci awa ɗaya, awa 28 ke nan. Ki ƙara shif ɗaya na saita na'ura, ki nemi shif 5, ki nuna musu yadda kika kai ga wannan adadi. Wanda ya ce a ba shi mako guda ba tare da lissafi ba, ya nuna bai san aikin ba.

Shawarar da ta fi kowace amfani a wurina ita ce wannan: kowane layin haske yana da masanin da ke kula da shi, sunansa da adireshin imel ɗinsa suna shafin cibiyar. Ki rubuta masa wata guda ko biyu kafin ranar rufe karɓar takardu. Gajeriyar wasiƙa: ga ni, ga samfurina, ga adadin da na samu, ga abin da nake son sani, layinka zai iya? Mu 'yan Zango an tarbiyyantar da mu da kunyar manya, ba ma tunkarar babba kai-tsaye sai da ɗan rakiya. Tarbiyya ce mai kyau, amma a nan ki ajiye ta. Amsa irin wannan wasiƙa na cikin aikin da ake biyan mutumin nan albashi a kai, kuma sau da yawa shi zai gaya miki gyaran da zai sa takardarki ta ci. Idan kuma ta faɗi a karon farko, za a aiko miki da dalilan alƙalai. Ki gyara ki mayar bayan wata 6. Tawa ta farko ba ta ci ba, ta biyun ce ta shiga.

Ranar da na fara shiga ɗakin haske tana nan a idona. Ƙarfe 3 na dare ne. Na manna ɗan ƙwayar ƙasata, wadda ba ta kai girman maɓallin riga ba, a jikin mariƙi. Doka ce kafin a rufe ɗakin sai mutum ya zagaya ya leƙa kowane lungu, yana danna maɓallan da ke tabbatar da ba a bar kowa a ciki ba, jiniya na kuka. Sai na ja ƙofar nan mai nauyin dalma, fitila ta koma ja, muka buɗe wa haske hanya. Layi ya soma tafiya a allo, a kwance, a kwance, can sai ya miƙe tsaye. Ƙasar da na ɗebo da hannuna a bakin wani rafi, takalmina cike da laka, ga ta tana faɗin abin da ke cikinta. Na yi sallar asuba a kan kwali a bayan ɗakin kwamfutocin, na jiƙa garin da na taho da shi daga Kejetia, na koma na sa samfuri na gaba.

Amma kafin ki kai wannan dare akwai takardu, kuma su ne suka fi cin mutane. Tarayyar Turai ta haramta shigo da ƙasa daga waje sai da takardar izini ta musamman domin bincike, wadda cibiyar da za ta karɓe ki ce za ta taimaka a nema. Amurka ma sai da izinin ma'aikatar gona. A nan gida kuma ki nemi takardar fitar da samfuri da yarjejeniya a rubuce tsakanin jami'arku da masu karɓa, wadda ta faɗi na wane ne samfurin da abin da aka yarda a yi da shi. Biza ta Shengen ana iya nemanta tun saura wata 6 a tafi. Ƙa'idarta kwana 15, amma tana iya kai 45, kuma samun ranar ganawa ma wani jira ne. Sai da inshorar lafiya ta yuro 30,000. Dokarsu ta yafe wa mai tafiya binciken kimiyya kuɗin biza, ki sa a rubuta haka ƙarara a wasiƙar gayyata. Ranar da aka sanar da ke kwanakinki, washegari ki fara.

Na faɗi haka ne domin ya taɓa faruwa da ni. Wata shekara fasfona ya kwana a wani ofishin jakadanci har kwanakina suka zo suka wuce. Abin da ya cece ni shi ne na riga na aika samfuran. Wani abokin aiki a can ya riƙa sa su a na'ura, ni kuma ina zaune a ɗakina a Asawase ina kallon allon ta intanet, ina gaya masa wanda zai sa gaba. Tsakar dare dumsor ya ɗauke wuta, na ƙarasa da batirin kwamfuta da datar waya. Tun annobar korona a 2020 wannan hanya ta aika samfuri a yi aiki daga nesa ta ƙara faɗi. Masu nazarin sunadaran jiki a Afirka ta Kudu sun yi ta aika nasu a daskare zuwa Diamond, ƙarƙashin wani shiri da aka yi mai suna START. Duk da haka ina so ki je da ƙafarki ko sau ɗaya ne. Abin da za ki koya a dare biyu kusa da masanin layin, allo ba zai ba ki shi ba. Cibiyoyin nan galibi suna da masaukin baƙi a harabarsu ko kusa da ita. Idan Baba yana jan ƙafa a kan tafiyar, ki gaya mini, ni zan je in gaishe shi in yi masa bayani.

Akwai wata hanya mai sauƙi da za a nuna miki, ina so ki yi hattara da ita. Wani baƙo zai ce ki ba shi ƙasar, shi zai auna a can ya aiko miki. Haɗin gwiwa abu ne mai kyau, ni ma da shi na tashi, kuma takardar da ke da abokin aiki wanda ya san na'urar ta fi saurin ci. Amma a yi magana tun kafin jaka ta bar hannunki. Ina ƙaramin malami na taɓa ba wani samfuran da na yi damina biyu ina tarawa. Da takardar ta fito, sunana na can ƙasa a wurin godiya, tare da direban da ya kai mu. Har yau abin na yi mini ciwo, ba don sunan kaɗai ba, don ko ɗanyen bayanan ban samu ba balle in koya wa ɗalibaina. Saboda haka sunanki ya kasance a takardar neman lokaci, a rubuta wanda zai zo farko a abin da za a buga, kuma ki karɓi kwafin bayanan gaba ɗaya. Manhajojin nazarinsu, irin su Athena da PyMca, kyauta ne. Ki sauke su yau ki fara koyo da bayanan da wasu suka saki. Grenoble takan riƙe wa mai bincike bayanansa shekara 3, bayan nan ta buɗe wa kowa.

Kada kuma ki ɗauka kullum mu ne masu zuwa gidan wasu. Cibiyoyin binciken cututtuka irin su Noguchi a Legon tun 1979, KCCR a nan Kumasi tun 1997, da WACCBIP, da kuma makarantar nukiliya ta Kwabenya, duk suna karɓar ɗalibai da masana daga wasu ƙasashen Afirka. Faifan nan mai faɗin mita 32 a Kuntunse, wanda a da na sadarwa ne, tun 2017 ya koma na'urar sauraren sararin samaniya. A 2012 jami'ar KNUST ta nan Kumasi ta karɓi baƙuncin makarantar fiziks ta Afirka, malamai suka zo har daga CERN, babbar cibiyar binciken fiziks ta Turai. Marigayi Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond da ya koyar a KNUST ya rasu a 2017, a kan hasken eksire ya yi aikin da har yau ake kira da sunansa. Maganar gina wa Afirka sinkrotoron nata kuma ta taso sosai: an yi taron farko a Grenoble a Nuwambar 2015, na biyu a Accra a farkon 2019, inda gwamnatin Ghana ta nuna goyon baya. Ina fatan in gan shi da idona. Sai dai gini irin wannan yana bukatar wutar da ba ta ƙiftawa, da kuɗin gudanarwa na kowace shekara, da ɗaruruwan masu bincike da suka riga suka iya amfani da shi. Na ukun nan shi ne a hannunmu, kuma da irinki ake tara su, ɗaya bayan ɗaya.

Saura abu guda da ya fi damuna a tambayarki, domin ba ki ambace shi ba. Asenik mai lamba 3 ba ya jure iska. Idan kin ɗebo ƙasa jiƙaƙƙiya daga fadama kika shanya ta a rana, ko kika bar ta a buɗaɗɗiyar leda a kan tebur, yana iya komawa mai lamba 5 tun kafin ta bar Kumasi, ki je har Jodan ko Italiya ki auna abin da ba shi ne a gonar ba. Samfurin wannan aiki ana cusa shi ne a kwalba a toshe ba tare da sarari ba, a sa cikin ƙanƙara tun daga bakin rami, a daskarar da shi, a kuma san yadda za a yi idan wuta ta ɗauke. Ki zo ofis ranar Alhamis bayan la'asar, ki taho da teburin awonki, da taswirar wuraren da kika ɗiba, da littafin da kika rubuta ranakun. Idan ƙasar da ke hannunki an riga an shanya ta, ba ta lalace ba, za ta yi mana awon Kwabenya. Ta sinkrotoron kuwa sai mu koma Obuasi mu sake ɗiba idan ruwa ya sauka, ni zan nemo akwatin ƙanƙarar.